Wanda Ya San Inda Ruwa Yake a Jigayi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana na wajen uwa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, a ƙauyenmu da ke gabas da Dutse. Saƙo ya same ni a Kano, inda nake koyon awon ƙasa da zanen taswira. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa, zaman makoki kawai na tarar.

Ban san yana da jama'a haka ba. Shi ba malami ba ne, ba shi da sarauta, gonarsa ma ba ta kai ta maƙwabta ba. Amma a kwana ukun nan tabarmin unguwarmu duka sai da aka aro su. Fulani sun zo da sandunansu, fatake sun ɗaure jakunansu a gindin dabino, mata masu yankan kaba sun cika tsakar gida tun daga wajen Buji. Na ji wata a cikinsu tana ce wa Inna, mahaifiyata, "Shekarar da ruwa ya ɗauke, ina da goyo, harshena ya bushe har ba na iya kiran sunan Allah. Mahaifinki ne ya tone yashi a gabana ya ba ni na sha." Wani tsohon mafarauci a zaure ya ce marigayin ya fi kurege sanin ƙarƙashin ƙasa. Aka yi dariya, sannan aka tuna inda ake, aka shafa fatiha.

A rana ta uku Arɗo ya zo, shugaban Fulanin da ke kiwo a arewa da mu, abokin Kaka tun suna samari. Da ya gama gaisuwa ya dube ni.

"Kai ne jikan nan na boko?"

"Ni ne, Baba."

"Nawa ya nuna maka?"

Kowa a zauren ya san abin da yake tambaya. Na ce, "Biyu."

"Biyu cikin bakwai." Ya girgiza kai. "Ashe ba mutum kaɗai muka binne ba."

Saboda wannan magana nake rubutun nan. Wanda bai san ƙasarmu ba sai na fara gaya masa abin da ake nufi da bakwai ɗin.

Arewa da ƙauyenmu, tsakanin Buji da Kafin Hausa, akwai wani daji da muke kira Jigayi. Tafiyar kwana uku ce daga wannan baki zuwa wancan. Tuddan yashi ne dogaye, a jere kamar kunyoyin gonar wani ƙaton manomi, tsakanin kowane biyu kuma akwai kwari. A kan tudu ba abin da ke fitowa sai sabara da tumfafiya da ƙarangiya. A kwari ne ake samun goriba da kaba da gamba, wani wurin kuma fako ne fari fat da kanwa. Babu gida, babu rumbu, babu hayaƙi. Baƙo in ya hau tudu ɗaya ya hango na gaba, ya hau na gaba ya hango irinsa, sai ya ce nan ƙarshen duniya ne.

Kaka ba ya son a ce masa dajin ba mai shi. "Ba mai shi? Je ka yanki kaba a kwarin matan Buji, ka dawo ka ba ni labari in kunnuwanka na nan." A wurinsa Jigayi gida ne mai ɗakuna, kowa da lokacin shigarsa. Bayan girbi mata ke shiga su yanko kabar tabarma da igiya da faifai. Da rani Fulani ke sauka da shanu. Da bazara sai masu ɗibar zuma da mafarauta. Da damina wasu kan shuka gero a gefen tudu shekara biyu, su bar wurin ya huta shekaru masu yawa, har ciyawa ta shafe alamar kunya. Duk wannan a kan rijiyoyi bakwai yake tsaye, kuma Kaka ne mai buɗe su, shi ne mai rufe su.

Ba irin rijiyar gari ba ce. Zurfinta gaba biyu ne ko uku, an naɗe cikinta da gammon gamba don kada yashi ya rufta. In damina ta kusa, sai ya je shi kaɗai ya jera itacen ƙirya a bakin kowacce, ya shimfiɗa zana, ya tura yashi a kai ya share sawunsa. Ruwan sama ya sauka, ciyawa ta fito, shi ke nan. Mutane sun san kwarin, amma ba su san idon rijiyar ba. Kwari ɗaya kan kai tafiyar rabin yini, kuma in ka kuskure da taki goma, ko dai ka tarar da ruwan kanwa mai ɗaci, ko yashi ya yi ta zubowa har ka gaji.

Al'adar tun zamanin hare-hare ce. Yana yaro, in mahara suka taso, cikin Jigayi mutanenmu ke gudu da mata da awaki. Dokin mahari ba ya kwana biyu ba ruwa, sai ya juya. Don haka rijiya ba a faɗar ta da baki, ko ga ɗan cikinka. Kai mutum ake yi da ƙafa, shi ma sai ya yi alkawari. Kaka yakan ce, "Abin da baki ya sani, kasuwa ta sani. Abin da ƙafa ta sani, nata ne."

Ina da shekara goma sha biyu ya kai ni biyu daga ciki. Ni yaro ne marar magana, in baƙo ya shigo bayan rumbu nake komawa da allona. Kowa ya san wasan jika da kaka, amma namu gefe ɗaya yake: shi ke tsokana, ni kuwa in sunkuyar da kai. "Aboki" yake ce mini, wani lokaci "ragon maza".

"Ragon maza, taso. Matar nan tamu ta ce wanda ya fi sanin daji shi za ta zaɓa, ni kuma ba na son cin nasara a kan makaho."

Iya, kakata, tana tankaɗe ta ce, "Kai dai ka dawo mini da angona da ƙafafunsa. Tsohon miji ko an bar shi a can ba asara."

Ba ya sa takalmi in ya sauka kwari. Yakan tsaya ya murza diddigensa a yashi, ya ɗebo kaɗan ya ɗanɗana, ya dubi inda ƙudan zuma suke nufa. A Kwarin Zuma ya tsayar da ni ya ce in juya har sai wata goriba mai reshe uku ta rufe mini shurin da ke bayanta, sannan in juya hagu har aduwa ta daidaita da kafaɗata. "To, me kake takawa?" Na ce yashi. Ya ce, "Ran mutum ɗari kake takawa, ɗaga ƙafarka da ladabi." Muka tone. Da ya ɗaga itacen farko wani sanyi ya bugi fuskata, na ga sama a can ƙasa da kaina a cikinta. Bai taɓa fara sha ba. Sai jaki ya sha, abokin tafiya ya sha, ya zuba wa tsuntsaye a sakaina, sannan ya kurɓa.

Da Turawa suka ce kowane dagaci ya ba da yaro ɗaya a kai makaranta, ni aka bayar, don ni ne ba za a rasa a gona ba. Karatun ya karɓe ni. Ina son layi ya fita sak, ina son lissafi ya zauna daidai, kuma takarda ba ta kallon mutum a ido. In na zo hutu Kaka sai ya karɓi taswirata ya juya ta sama da ƙasa. "Aboki, nan ne Dutse? To ina duwatsun? Na shafa ban ji komai ba."

A shekarata ta huɗu a makaranta aka haɗa ni da wani Bature mai awo da aka aiko ya zagaya Jigayi. Ni ne mai riƙe littafi, tun da ni ɗan ƙasar ne. Dagaci kuma ya ba da Kaka ya zama ja-gaba.

A nan laifina yake, kuma zan faɗe shi yadda yake. An koya mana ƙa'ida a makaranta, na kuma haddace ta. Duk ƙasar da aka samu gida, ko gona, ko rijiya a cikinta, ta jama'a ce. Wadda ba a samu ko ɗaya ba, sai a shafa mata kore a taswira ta zama gandun daji na hukuma, ba sara, ba kiwo, ba noma. Mun shiga ne farkon damina. Fulani sun tashi, gonakin gefen tudu suna hutu, rijiyoyi an rufe su. Tun ranar farko na san abin da za a gani, na kuma san abin da zai biyo baya. Kaka bai sani ba. Shi a ganinsa baƙo ne da doki ya shigo daji yana tambaye-tambaye, kuma ya san yadda ake yi da irinsu tun yana yaro.

Kwana biyu muna tafe ina tsara maganar da zan gaya masa. Na tsara ta da gabatarwa, na tsara ta a gajarce. Duk lokacin da na matso kusa da shi sai in tarar da masu jan sarƙar awo a gefensa, yana ba su dariya da labarin yadda nake ɓuya bayan rumbu. Sai in ce bari a sauka. In an sauka in ce bari a ci abinci. Yaya zan ce wa mutumin da ya sa ni alkawari ya karya nasa a gaban Nasara?

Rana ta uku da azahar muka sauka Kwarin Zuma. Baturen yana jin Hausa. Ya share gumi ya ce, "Tsoho, akwai ruwa a dajin nan?"

Na dubi goriba mai reshe uku, na dubi aduwa. Kaka a kan bakin rijiyar yake tsaye, ya dogara da sandarsa.

"Ranka ya daɗe, ruwa sai na sama."

"Ko rijiya ɗaya?"

"Da akwai, da mun wahalar da jakuna da salka?"

Baturen ya juyo gare ni. Ba mugun mutum ba ne, tambaya ya yi tsakani da Allah. "Malam, kai ɗan nan ne. Haka ne?"

Kaka ya dube ni yana murmushi, irin na wanda ya san jikansa ba zai ba shi kunya ba. Na ce, "Haka ne." Na fiƙe fensir na rubuta babu ruwa, babu gona, babu mazauna. Har yaba kyan rubutun aka yi a Kano.

Shekara na zagayowa aka kafa turaku a bakin Jigayi. Malaman daji suka fara ƙwace lauje da ɗaurin kaba a hannun mata. Aka juyo da shanun Arɗo, ya yi rani a bakin gulbin Ringim inda ba shi da kowa, ya dawo da rabin garkensa. Kaka ya je buɗe rijiya kamar kullum, aka tare shi a turke na farko aka ce ya koma.

Da na zo hutu na same shi a zaure yana tufka igiya da sauran kabar da ta rage. Ban tsara komai ba a wannan karon, maganar ce ta fito da kanta. Na gaya masa ƙa'idar, na gaya masa cewa da an ga rijiya ɗaya da ba a taɓa kwarinta ba.

Hannunsa ya tsaya. "Yaushe ka san wannan?"

"Tun kafin mu shiga."

"Kwana uku muna tafe, tabarma ɗaya muke sallah."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ni na yi ƙarya don in tsare ruwa. Kai don me ka yi taka?"

"Kunyarka na ji, Kaka."

"Kunyata." Ya ci gaba da tufkarsa. "To madalla. Sai a ɗebi kunyar a ƙwarya a kai wa shanun Arɗo su sha."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Abin da ya yi ya fi haka ciwo, domin daina tsokanata ya yi. In na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, Malam. An zo lafiya, Malam?" Har tabarma yake sa a shimfiɗa mini kamar baƙo. Iya ta yi ta ƙoƙari. "Wai ku kishiyoyin nan, in kun daina faɗa a kaina ai sai in ga na tsufa." Shekara biyu muna haka.

A cikin shekarun nan ne mutanen gari suka sa mini suna mai sayar da daji. Wata Juma'a bayan an sallame, wani ya faɗe shi da ƙarfi don in ji, wasu suka taya shi. Ina neman takalmina, sai na ji muryar Kaka daga bakin ƙofar masallaci.

"Wa aka tambaya, ni ko shi? Bakin nan nawa ne ya ce babu ruwa. Hannun yaro bakin kakansa ya bi, yadda kuka koya wa naku 'ya'yan. Mai neman wanda ya sayar da daji, ga ni, gidana ba ƙofa biyu gare shi ba."

Ba a sake faɗa ba. Muka taho gida yana gaba ina baya. Bai taɓa gaya wa kowa cewa na san ƙa'idar ba, har Inna. Yau ne za ta sani.

Ganina da shi na ƙarshe farkon daminar bara ne. Na zo sallama zan koma Kano, na tarar yana shafa man shanu a gwiwarsa.

"Ragon maza."

Na daɗe ban ji sunan ba, har sai da na waiwaya.

"In an yanke gero ka zo mu taka. Sauran biyar ɗin. Malaman daji ba sa shiga can ciki, tsoron ƙarangiya suke. Ƙafata ta fara ƙin yashi."

Na ce akwai jarrabawar ƙarshe a lokacin, amma da an gama zan zo.

"Jarrabawar nan, in ba ka je ba rufewa take yi?"

"A'a, sai dai a jira wata shekara."

"To," in ji shi. Ya miƙo mini dabino a faifai. "Gai da Kano."

Ina da damar cewa mu tafi gobe. Kwana shida ne zuwa da dawowa. Na lissafa a hanya cewa hutuna ya rage kwana takwas, na kuma ci gaba da tafiya.

Bayan sadakar bakwai na koma Kano, na nemi ganin Baturen da ya gaji wancan. Na tsaya a gabansa na ce rubutun da ke kan taswirar Jigayi nawa ne, kuma ƙarya ne. Maganar ba ta ɗauki lokacin shan fura ba. Ya yi mini faɗa, ya ce za a rubuta a takardata. Sannan ya ce duk kwarin da aka nuna masa tsohuwar rijiya a ciki kafin ruwa ya sauka, zai fitar da shi daga gandu. Na fito na zauna a gindin wata bishiya. Shekara huɗu ƙofar nan tana nan, Kaka yana da rai, yana da ƙafa, ban ƙwanƙwasa ba.

Da na kawo maganar gida, dattawa suka rabu biyu a zauren dagaci. Wasu suka ce alkawarin rijiya ba a karya shi don Nasara. Na miƙe, karo na farko a rayuwata da na yi magana manya na zaune. Na ce alkawarin don ruwa ya zauna a hannun masu shi aka yi shi, yanzu kuwa rufin ne ya raba su da shi. Na ce biyu nawa zan nuna, in akwai alhaki a wuyana.

Arɗo ya jira aka watse. Ya kira ni gefe.

"Ni ma ya kai ni ɗaya, shekarar da muka yi zazzaɓi tare. Bai ce in kai Nasara ba, ba kuma zan kai shi ba. Kai zan kai, da ƙafa. Abin da ka yi da ita bayan nan, tsakaninka da kakanka."

Haka muka samu uku. Ta huɗu kowa ya rantse tana kwarin matan Buji. Kwana tara muna tono da mutum goma sha biyu, rami bayan rami. Ɗaya ya ba da ruwan da jaki ya shinshina ya kau da kai, sauran yashi ya cike su muna kallo. Na gwada da kamfas, na gwada da sarƙa, har takalmi na cire na murza diddigena a ƙasa, ban ji komai ba sai zafi. A rana ta tara hadari ya haɗo daga gabas. Arɗo ya karɓi fartanya daga hannuna ya ce, "Ya isa, ɗana. Tana nan, ba ta san mu ba ne."

Ni aka sa na ja sabon layin iyaka. Kwari uku sun dawo hannun jama'a, huɗu suna cikin kore. Matan Buji sun zo gaishe da Iya bayan an ja layin, babbarsu ta tambaye ni ko nasu ya fita. Na ce bai fita ba. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta ɗauki ƙwaryarta. Yanzu kaba saye suke yi a kasuwa.

Wanda ya taɓa shan ruwa a Jigayi, ina roƙonsa ya yi wa tsohon nan addu'a, ba sai ya yi mini uzuri ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa ƙaryar da ya yi don tsare rayukan mutane, ya sanyaya kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin da ba ya ƙafewa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu bakin faɗar magana tun mai jin ta yana kusa. Amin.